Mai gwal ya ce duwatsun zoben Mama kwalba ne, Yaya ya ce a sayar a huta

Wata baiwar Allah ce ta turo min wannan, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ta rasu bara, yanzu ake shirin rabon gado. A cikin kayanta akwai wani tsohon zobe da Babanmu ya sayo mata a Ingila lokacin da ya je kwas a shekarun 1960, kuma ta sha gaya min ko a lokacin ba sabo ba ne, a shagon tsofaffin kaya ya samo shi. Dutsen tsakiyar fari ne kamar madara, in kika juya shi sai ki ga kore da shuɗi da ɗan ja suna wasa a ciki, an zagaye shi da wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli. Wata ƙawata ta ce ofal ake ce masa. Ta cikin zoben an buga 15 da .625 da wata alama kamar ƙugiyar jirgin ruwa. Mun kai wa mai gwal ya ce ko karat 18 bai kai ba, duwatsun kuma kwalba ne, sai dai ya ciccire su ya auna. Yayanmu ya ce a sayar a huta, Gwaggo kuma ta ce dama irin dutsen nan rashin sa'a ne da shi. Ni kuma Mama ta sha cewa nawa ne, sai dai har ta rasu ba ta damƙa min ba. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama ya kyauta makwancinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Abu na farko dai, yau yau ɗin nan ki nemi a ajiye zoben a hannun wani babba da kowa ya yarda da shi a gidan, ba a hannunki ba, kar gobe a ce kin ɓoye kayan gado. Sannan ki roƙi Yayanku kar a bari kowa ya ɓamɓare ko da dutse ɗaya tukuna. Sayarwa ba ta ɓaci, ko wata uku aka ƙara za a iya sayarwa, amma in aka ciccire duwatsun aka jefa sauran a wuta to magana ta ƙare.

Mai gwal ɗin nan ba lallai cutar ku ya yi niyyar yi ba fa. Sana'arsa ce haka, giram yake saye giram yake sayarwa, ya goga a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan gwaji ya ɗora a sikeli ya danna kalkuleta, shikenan. Mu nan mun saba da 21 da 22 na Saudiyya da Dubai, wanda mace ke saye ta ajiye saboda ranar buƙata, duk abin da ke jikin sarƙa da ba gwal ba ne nauyin banza ne a wajensa, dole ya cire. Kuma gaskiyarsa, zobenku bai kai 18 ba. Inda ya wuce gona da iri shi ne cewa duwatsun kwalba ne alhali ba shi da abin gwada su, ba kuma fanninsa ba ne.

Bari mu fara da rubutun nan na ciki, don shi ne ya sa na gyara zama da na karanta saƙonki. 15 ɗin nan karat 15 ke nan, .625 kuma yana nufin kashi 62.5 cikin ɗari na ƙarfen gwal ne zalla, sauran gami ne, (na 21 da kika sani kashi 87.5 ne). A Ingila a 1854 doka ta amince da karat 15 da 12 da 9, sai a 1932 aka soke 15 da 12 aka kawo 14 a madadinsu. Kinga in hatimin nan na gaske ne to tsakanin 1854 da 1932 aka ƙera zoben, wato ko a ranar ƙarshe aka yi shi ya haura shekara 90 a duniya. Ƙugiyar jirgin ruwan kuma hatimin ofishin gwajin ƙarfe na birnin Bamingham ne, wanda aka buɗe tun 1773. Da na Landan ne kan damisa za ki gani. Ki nemi gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, ko ki kusantar da kyamarar waya a wuri mai haske, ki sake dubawa a hankali: galibi kusa da ƙugiyar akwai harafi guda ɗaya a cikin ɗan gida, shi ke nuna shekarar da aka buga hatimin, akwai kuma haruffa biyu ko uku na sunan maƙerin. Wanda ya san harkar da ya ga siffar harafin zai buɗe jadawali ya gaya miki shekarar. To abin da mai gwal ya gani a matsayin naƙasu, wato ƙarancin karat, shi ne shaidar tsufan zoben.

Sai dai ina jan kunnenki, ni ban riƙe zoben nan a hannu ba, hatimi ana iya yin na jabu, dutse kuma yana iya faɗuwa a sa wani daga baya. Duk abin da zan faɗa ki ɗauke shi a matsayin abin da za ki je ki tabbatar.

Shi ofal wani irin dutse ne daban. Asalinsa silika ne, sinadarin nan da ke cikin yashi, wanda ruwa ya narkar ya tsiyaya cikin tsagar duwatsu ya daskare a hankali, kuma har yanzu akwai ruwa a jikinsa, yawanci kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. Launukan nan da kike gani ba fenti ba ne, babu wani abu kore ko ja a ciki. Sai a shekarun 1960 masana kimiyya a Ostareliya suka leƙa da madubin lantarki suka ga ashe wasu mitsi-mitsin ƙwallaye ne na silika suka jeru sahu-sahu, in haske ya ratsa tsakaninsu sai ya rarrabu launi-launi, ƙananan ƙwallayen su ba da shuɗi, manyan su ba da ja. Jan ya fi wuyar samu, shi ya sa da kika ce kina ganin ɗan ja na ji daɗi.

Shekaru aru-aru Turawa daga wuri ɗaya suke samun mai kyau, ramukan Dubnik da ke kusa da garin Preshov, a ƙasar Sulobakiya ta yanzu, a lokacin yankin yana ƙarƙashin masarautar Hungari shi ya sa a tsofaffin takardu za ki ga ana ce masa ɗan Hungari. Fari ne mai madara-madara da ƙananan ɗigon launi. Sai Ostareliya ta shigo ta kwashe kasuwar gaba ɗaya, White Cliffs wajen 1890, sai Lightning Ridge mai baƙin ofal a farkon shekarun 1900, sai Coober Pedy a 1915, garin nan da saboda zafin rana mutane ke haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa. Ramukan Dubnik suka kasa ja da su, a 1922 aka rufe. To in harafin shekara ya nuna zobenki na kafin 1890 ne, akwai yiwuwar ɗan Hungari ne, in bayan nan ne ya fi kama da ɗan Ostareliya. Wanda yanzu ya cika intanet a farashi mai sauƙi yawanci ɗan Habasha ne, na yankin Wollo da aka gano a 2008, shi wannan yana shan ruwa har launinsa ya dusashe sai ya bushe ya dawo, kuma ba zai yiwu shi Baba ya sayo ba. Haka na haɗi wanda wani Bafaranshe Pierre Gilson ya fito da shi, shi ma sai a shekarun 1970 ya shigo kasuwa. Abin da ya rage a yi tsoro biyu ne: kwalba da aka sa wa takardar ƙyalli a ƙasa, don ita tun zamanin da ana yin ta, da kuma wanda aka yanko siririn ofal aka manna shi da gam a kan baƙin dutse don ya yi kauri. Ki juya zoben ki kalli dutsen ta gefe, in kin ga layi miƙaƙƙe ɗoɗar ya raba sama da ƙasa to manne ne. In kuma kin hango 'yan kumfa-kumfa kamar na iska a ciki, wannan alamar kwalba ce. In bayan zoben a buɗe yake ki leƙa, na gaske gaba da baya dutse ɗaya ne.

Ƙananan na gefe kuma, a zoben wancan zamani mai hatimi irin wannan ba abin mamaki ba ne su zama daimon, amma ba irin yankan da idonki ya saba da shi ba, wataƙila shi ya sa ma mai gwal ya raina su. Yankan zamani mai walƙiya kamar fitilar mota, lissafinsa wani Marcel Tolkowsky ya fitar a 1919, kuma ya ɗau lokaci kafin ya game ko'ina. Na da da hannu ake yanka su, ki duba da gilashin za ki ga ba su zama daidai wa daida ba, wannan ya ɗan fi wancan faɗi, wani zagayensa ya ɗan karkace, samansu a tashe, fuskar saman ƙarama, in kika leƙa tsakiya sai ki ga wani ɗan ɗigo kamar rami, wato tsinin ƙasan ne aka shafe. Akwai kuma masu shafaffen gindi da fuskoki masu kusurwa uku-uku, su hasken nasu a kwance yake kamar na ruwa. An yi su ne don hasken kyandir da fitilar gas, ba ƙwan lantarki ba. Wani abin dubawa, in gidan da duwatsun ke zaune ya yi baƙi-baƙi alhali zoben rawaya ne, to azurfa ce aka ɗora a kan gwal don daimon ɗin ya fito fari, haka ake yi kafin farin ƙarfen filatinam ya yaɗu wajen 1900. Kar wani ya ce miki datti ne ya kama kankarewa.

Daimon kansa da daga Indiya yake fitowa, kasuwar Golkonda ce ta yi suna, sai wajen 1725 aka same shi a Birazil, sai Afirka ta Kudu a 1867, ramin Kimberley a 1871, kamfanin De Beers a 1888. Wannan ambaliyar ta Afirka ta Kudu ita ta sa daimon ya sauko daga wuyan sarakuna har akawu da ɗan kasuwa a Ingila suka iya saya wa matansu. Kuma baƙaƙen fata ne suka haƙo shi, a killace a sansani ba fita sai kwantiragi ya ƙare, ana caje su kamar ɓarayi. Duk lokacin da na ga irin zoben nan sai na tuna da su.

Maganar Gwaggo kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, camfin ma ba namu ba ne, na Turawa ne, ban san ta inda ya biyo ya iso gidanku ba. Abin da aka fi danganta shi da shi wani littafin ƙagaggen labari ne na Walter Scott, Anne of Geierstein, da ya fito a 1829, inda wata mata mai ofal a gashinta ruwan coci ya ɗiga a kan dutsen, haskensa ya mutu, ita ma aka wayi gari ta zama toka. Tatsuniya ce fa! Sannan dutsen ba shi da ƙwari, yana yawan fashewa a hannun maƙera asara ta hau kansu, dole su tsane shi. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ko a jikinta, tana sawa tana kuma ba 'ya'yanta mata kyauta. Akwai wani kambi da aka yi mata a 1853 da ofal a jiki, surukarta Alexandra ce da ta gaje shi ta sa aka cire aka maye da jan yaƙutu saboda wannan tsoron. Mu dai Musulmi ne, Annabi (SAW) ya kore camfi a hadisi ingantacce, dutse ba ya kawo sa'a ba ya kore ta. Ki gaya wa Gwaggo cikin ladabi, Mama ta yi shekara da shekaru da zoben nan ta haife ku ta aurar da ku.

Yanzu kar duk bayanin nan ya sa ki fara lissafin gida a Abuja. Bamingham gari ne na maƙera, irin zoben nan dubbai aka yi wa matsakaitan mutane, tsufa kaɗai ba ya mai da abu dukiya. Abin da ke ɗaga kuɗinsa shi ne girman ofal ɗin da ƙarfin launinsa, da ko ya tsattsage, da ko duwatsun gefen duk na asali ne. In ofal ɗin ya yi zane-zane kamar saƙar gizo a ciki to darajarsa ta faɗi sosai kuma ba ya gyaruwa. Amma in komai lafiya lau, abu ne sananne cewa masu sayen tsofaffin kayan ado suna biyan fiye da kuɗin narkarwa, wani lokaci nesa ba kusa ba, musamman da yake ɗan zobe giram nawa ne duka-duka. Ku nemi masanin duwatsu mai takardar shaida, irin wanda ya yi karatu a cibiyoyin koyar da ilimin duwatsu kamar GIA ta Amurka ko Gem-A ta Landan, ku biya shi kuɗin dubawa ya rubuta muku rahoto, kuma tun farko ku gaya masa ba sayarwa za ku yi ba, don mai son saye ba ya faɗin gaskiyar farashi. 'Yan harkar duwatsu irin na Jos ma suna da 'yar na'urar gwada daimon, minti biyu za su gaya muku ko kwalba ne, sai dai su ɗanyen dutse suka fi sani, ba su za su yi wa tsohon zobe kuɗi ba. A gwada a gabanku, kar a shiga da shi ɗakin ciki. Kafin ku fita da shi ku ɗauki hotuna, sama da gefe da baya da hatimin, a tura wa kowa a gurup ɗin gida.

Wajen ajiya ki kula, don ofal da daimon zaman doya da manja suke yi. A ma'aunin tauri daimon 10 ne, ofal 5.5 zuwa 6.5, ko ƙurar hunturu tana iya goge masa fuska saboda yashin da ke cikinta ya fi shi tauri, balle a cusa shi gwangwani ɗaya da su awarwaro da 'yan kunne. A naɗe shi a ƙyalle mai laushi shi kaɗai. Zafi da bushewa su ne maƙiyansa, kar a bar shi a mota a rana, kar a tara hannu a kan kaskon turaren wuta da shi, ba humra, ba lalle, ba haifo, ba omo, ba wanke-wanke. In ya yi datti ɗan tsumma mai ɗanshi ya isa, kar a jiƙa shi a kofi musamman in manne ne, ruwa na shiga gam ɗin ya yi hazo. Masu cewa a shafa masa mai ki rabu da su. In kuma bai shiga yatsa ba kar a ba maƙeri ya buɗa shi da wuta dutsen na jiki, nan take zai tsage, kuma garin yanka da ƙari ne ake cinye hatimin da ke ciki.

Sai maganar da na san ita ta fi damunki, cewa Mama ta ce naki ne. Ƙanwata ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai kyautar ya rasu ta koma cikin gado. In kuma aka ce wasiyya ce, to babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince. Saboda haka yadda kika ba ni labarin nan, zoben na ku duka ne, malamin da zai raba muku shi zai tabbatar, ki gaya masa yadda abin yake ba ƙari ba ragi. Na san da ciwo, ke kika ji ta faɗa da kunnenki.

Amma akwai hanya mai sauƙi, kuma ita nake ba ki shawara. Ki samu Yaya ku biyu, ba a taro ba, ki ce Yaya ni zoben nan ina so saboda Mama, ba na son a narkar, a yi masa kuɗi a sa shi a kasona, in ya fi kasona in yi ciko. Sau da yawa namijin da ya ce a sayar a huta ba kuɗin ne a ransa ba, rigima yake gudu, yana so a gama a tashi. In 'yan uwa suka ji Mama ta sha faɗa, wataƙila ma wasu su yafe miki nasu, wannan kuma sai balagagge mai hankali da yardar ransa, ba a yafe kason ƙaramin yaro.

Inda nake so ki ji tsoron Allah shi ne nan: yanzu kin san abin da su ba su sani ba. Zai yi sauƙi ki yi shiru ki ce to a ba ni a farashin da mai gwal ya taya, kowa ya ce madalla, ki tafi da shi a araha. Kar ki yi. Ki tura musu bayanin nan duka su karanta, a je wajen masani da wakilinsu, kuɗin da ya rubuta shi za a yi lissafi da shi ko da ya fi ƙarfin aljihunki. In ya fi ƙarfinki ki nemi su yarda ki biya kaɗan-kaɗan, ko ki haɗa da 'yar uwarki ku riƙe shi tare. In duk bai yiwu ba aka ce sai an sayar, to a sayar da shi yadda yake da duwatsunsa da rahoton masanin, ga mai harkar tsofaffin kayan ado ko gidan gwanjo, ku tambayi nawa ne ladansu tun kafin ku miƙa. Duk yadda kuka tsaya a rubuta a takarda, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.